Ranar da Jumare Ya Sunkuyar da Kai

Idan ka tambayi Hausawan unguwar Erdington ta Birmingham aikin da Jumare yake yi, za su ce maka injiniya ne, sannan su yi murmushi. Murmushin kuwa da dalilinsa. Mutumin da ba a raba shi da sahun farko ranar Juma'a, shi ne duk watan Janairu yake cika motarsa da bishiyoyin Kirsimeti da Turawa suka gama biki suka yar, ya tuƙa awa biyu da rabi daga Birmingham zuwa bakin teku, ya binne su cikin yashi. Matarsa Hajo ta gaji da share ganyen daga kujerar baya. 'Yarsu Raki kuwa, da aka tambaye ta sana'ar babanta a makaranta, cewa ta yi yana yi wa bishiyoyi jana'iza.

Shi dai bai taɓa ɗaukar abin da wasa ba. A wani ƙauye ya tashi a ƙasar Gombe, inda wani kwari yake cin gonarsu kowace damina. Mahaifinsa ya dasa jema, ya jera buhunan ƙasa, ya je sakatariya ya fi sau goma ana ce masa a dawo gobe. Shekarar da Jumare ya shiga sakandare, taku arba'in ne daga gindin tsamiyarsu zuwa bakin ramin. Shekarar da ya gama, tsamiyar tana kwance a ƙasan kwarin, saiwoyinta a sama. Tun daga nan ya ƙudura cewa zaizayar ƙasa zai karanta, kuma ita ya karanta har gwamnati ta ba shi tallafin ƙaro ilimi a Manchester a 2004.

A nan ya faɗa hannun Dokta Abdulsalami Yelwa, dattijon injiniya wanda ya kusa shekara ashirin a Ingila, babba a wani kamfani mai aikin gyaran bakin koguna da teku. Dokta ne ya ɗauko shi a tashar jirgi cikin ruwan sama, ya ajiye shi wata huɗu a ɗakin ɗansa a unguwar Cheetham Hill, ya saya masa rigar sanyi ta farko. Shi ya sama masa aiki a reshen kamfanin na Birmingham. Da aka haifi Raki, shi ya yi mata huɗuba. Jumare bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. Ko a ofis suka haɗu sai ya ɗan rusuna, har wani Bature ya taɓa ba shi shawarar ya kai gwiwarsa wurin likita.

Wurin da aka ba Jumare ya kula da shi, wani filin shaƙatawa ne a gaɓar teku, arewa maso yammacin Manchester. Ba wani abin a zo a gani ba ne: tuddan yashi, ɗan tafki, hanyar ƙafa, da rumfar sayar da shayi. Amma a bayan tuddan akwai gidaje tara a jere, kuma babu abin da ya raba su da teku sai yashin nan. Aikin Jumare shi ne ya hana yashin tafiya. Sai a haƙa rami a kwantar da bishiyar, rassanta su tare yashin da iska ke kwasowa, tudun ya yi ƙiba, sannan a dasa ciyawa mai dogon saiwa a kai ta riƙe. Yakan ce aikin mahaifinsa ne sak, ruwan ne kawai ya fi girma. Ya kafa sandunan awo a gefen tuddan, duk wata sai ya zo da tef ya auna, ya rubuta.

Masu taya shi haƙan 'yan sa-kai ne, yawancinsu tsofaffin da ke zaune a gidajen nan. Shugabansu shi ne Tomas, tsohon direban bas mai faɗan tsiya, wanda gidansa ne na ƙarshe, mafi kusa da ruwa. Shekara shida suna aiki tare. Tomas bai taɓa iya faɗin sunan Jumare daidai ba, amma ya san lokacin azahar, kuma shi yake buɗe masa rumfar kayan aiki ya yi salla. Matar Tomas takan kawo musu shayi a fulas, ta tsaya tana yi musu faɗa kan rashin sa safar hannu.

Sai hunturun 2013 ya zo da guguwar da aka daɗe ba a ga irinta ba, na bayansa ma bai yi musu sauƙi ba. A hunturu biyu teku ya lashe abin da suka yi shekara huɗu suna tarawa. Wata safiya suna tsaye a kan abin da ya rage, Tomas ya tambaye shi ko za a watsar da su. Jumare ya buga littafin awonsa a tafin hannu, ya ce masa da Turanci, "Lambobin nan ba sa ƙarya. Duk ranar da aka zauna kan wurin nan, ina cikin ɗakin, kuma za su ji su."

To, shekarun nan ne na tsuke bakin aljihu. Gwamnati ta ce babu kuɗi, kuma abin haushi, a wurin marasa baki aka fara gano babun. An rufe ɗakunan karatu, an rage bas, an sa wa ban-ɗakin filin nan kwaɗo aka maƙala takarda mai cewa ana ba da haƙuri. Motar da ke kwaso bishiyoyi aka janye, shi ya sa motar Jumare ta zama akori-kura. Daga ƙarshe aka ce za a yi bita: a duba duk ayyukan kare gaɓa na yankin, a ga wanda za a ci gaba da shi da wanda za a saki. Ba su ce saki ba, ai ba sa faɗin irin wannan kalma. Cewa suka yi za a koma sa ido. Wato a tsaya a zuba wa teku ido yana cin gidan mutum, a riƙa rubuta kwanan wata.

Ƙa'idar bitar ba ta da wahala. Inda zaizaya ke da saurin da za ta kai ga gidaje cikin shekara goma, aiki ya ci gaba. Inda take tafiya a hankali, a janye, sai bita ta gaba bayan shekara shida. Wurare arba'in da ɗoriya aka jera, aka ba su kwana biyu, kowanne minti goma sha biyar. Minti goma sha biyar! Lokacin da Hajo ba ta gama soya albasa ba, a cikinsa za a yanke wa gida tara hukunci. Duk da haka Jumare bai damu ba, domin awonsa ya nuna tudun yana ja da baya kusan mita uku a shekara. Ko makaho ya shafa wannan lamba ya san aikin ya tsira.

Ranar Laraba aka zo kansu, a hawa na shida na wani gini a tsakiyar Manchester. Dokta ne zai yi bayani a madadin kamfani, tunda shi ne babba. Jumare ya zauna a gefensa da fayil a kan cinya. Abin da bai sani ba shi ne, wata biyu kafin nan an sallami sakatariyar Dokta da ƙaramin injiniyan da ke haɗa masa takardu. Dattijo mai shekara sittin da huɗu yana aikin mutum uku, wurare goma sha ɗaya ne a wuyansa a bitar nan kaɗai. Da ya zo haɗa bayanin wannan fili, tsohon fayil ya buɗe, na kafin guguwa.

Aka haska allo. Jumare ya ɗaga kai ya ga an rubuta rabin mita a shekara.

Ya ɗauka idonsa ne. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, lambar tana nan. Dokta yana tsaye yana bayani da muryarsa mai nauyi, furfurarsa fes, Turawa bakwai suna gyaɗa kai suna rubutu. Jumare ya sauke ido kan cinyarsa. Ya buɗe fayil ɗinsa, ga mita ukun nan da rubutun hannunsa. Ya yi gyaran murya, Dokta bai ji ba. Ya ɗan tura takardar gefen tebur ko Allah zai sa idon dattijon ya faɗa kai, bai faɗa ba.

Shugabar kwamitin, wata mata mai agogo ajiye a gabanta, ta ce, "Any objections?" wato ko akwai mai ja. Ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Jumare har ta ɗan dakata, domin an gabatar da shi a matsayin injiniyan da ke kula da wurin.

A nan ne fa. A gidan da Jumare ya tashi, ba a ce wa babba ya yi kuskure a gaban mutane, balle a gaban baƙi. Ana bari a watse, a bi shi gida, a gaishe shi, a kewaya, a ajiye maganar a gabansa ta yadda shi da kansa zai ɗauka ya gyara, girmansa bai zube ba. Haka ya ga mahaifinsa yana yi da kakansa, haka shi ma ya yi duk rayuwarsa, kuma mutane suna yabonsa da kawaici. Yanzu a ce ya miƙe a gaban Turawa bakwai ya ce Baba ya kawo lambar banza? Mutumin da ya ba shi ɗaki da rigar sanyi? A shekarar da kamfani ke neman dalilin sallamar tsofaffi? Ya sunkuyar da kai ya kalli takalminsa.

Matar ta ce an gode, ta duba agogo, ta kira wuri na gaba. Mai rubuta bayanan taro ya rubuta cewa babu wanda ya yi ja. A ɗakin nan ba su san kawaici ba. Wanda ya yi shiru ya yarda ke nan, kuma da sunansa ake rubutawa.

Ko a bakin ƙofa bai samu keɓewa da Dokta ba, domin saura wurare biyar a wuyan dattijon. Ya hau jirgin ƙasa ya dawo Birmingham. Da la'asar sakaliya ya shiga gida, Hajo tana ninke kayan wanki, ya zayyana mata komai.

Ta ce, "To ka kira shi mana. Yanzu. Ga phone ɗinka nan."

"A waya? Baba? Magana irin wannan?"

"To send him an email. Layi biyu, Baban Raki."

"Hajo, ke ma kin sani. In rubuta masa cewa ya yi mistake, kamar wani junior ɗina? Asabar zan je da ƙafata. Report ɗin ai ba zai fito ba sai October."

Ta dube shi, ta ajiye tawul ɗin da ke hannunta. "Mutanen nan fa komai nasu da deadline. Ko appointment na likita ka makara minti goma sun ba wani."

Ya ce Asabar ai kamar gobe ce. Ta yi ƙwafa ta ci gaba da ninki.

Ranar Asabar ya biya unguwar Small Heath ya sayi dabino da kilishi, domin ba ya zuwa gidan Dokta hannu rabbana. Ya isa Cheetham Hill da azahar. Suka yi salla, aka kawo tuwo, suka ci. Ya tambayi lafiyar Hajiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, suka taɓa labarin gida da tsadar tikitin jirgi. Yana zaune a kan kafet, Dokta a kujera. Sai da aka kwashe kwanuka sannan ya ciro takardar, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, dama wani ɗan abu ne na gani, na ce ko ni ne ban fahimta ba. Wataƙila file ɗina ne ya rikice."

Dokta ya sa tabarau. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, fuskarsa ta canja.

"Wannan figure ɗin, yana hannunka ranar Laraba?"

"Yana nan, Baba."

"Kana zaune kusa da ni?"

"E, Baba."

"Matar nan ta tambaye ka. Na gan ta, ta dube ka!" Dokta ya buga hannun kujera. "Jumare, me ya hana ka magana?"

"Baba, a gaban mutane ne. Ban ga ya dace in..."

"Ya dace! Innalillahi. Ni na kawo ka kamfanin nan don ka riƙa rusuna mini? Injiniya na kawo! Da ka ce, excuse me, there's a newer survey, akwai sabon awo, me zai faru? In ce thank you, in zauna. Shi ke nan! Ka ɗauka shekara talatin ba a taɓa gyara ni a meeting ba? Yara sa'annin 'ya'yana sun gyara ni, ban mutu ba."

Ya jawo wasiƙar kwamitin daga jakarsa, ya buɗe shafi na uku ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin layi. Duk wani gyara a aiko shi kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Jiya ke nan.

"Kuskuren nawa ne, ban musa ba," in ji Dokta, muryarsa ta sauka. "Amma kuskuren da za a gyara cikin minti ɗaya ne. Ko text ka turo mini ranar Alhamis, da an wuce wurin. Ka tsaya sayen kilishi."

Jumare bai ɗaga kai ba. Bai taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe masa irin na ranar ba. Girman da ya kashe kansa wajen karewa, mai shi bai ma nema ba.

Ba su zauna ba, a yi musu adalci. Ranar Litinin Dokta ya rubuta wasiƙa da sunansa, ya amsa laifi ƙarara, ya haɗa da awon Jumare na wata ashirin da huɗu. Amsar da ta dawo cikin daƙiƙa uku na'ura ce ta rubuta: an rufe karɓar gyara. Suka buga waya, aka ce jami'in da ke riƙe da fayil ɗin ya bar aiki, ba a maye gurbinsa ba. Jumare ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya je ginin da kansa, aka tsayar da shi a ƙasa, aka ba shi fom. Bayan mako bakwai aka amsa fom ɗin da cewa an lura da damuwarsa, za a duba ta a bita ta gaba.

Wannan shi ne abin da ke ƙona rai. Ba wanda ya ce lambar Jumare ƙarya ce. Ba wanda ya ce gidajen ba sa cikin haɗari. Gaskiya ce tsagwaronta a kan takarda, an karɓa, an buga mata hatimi, an sa a durowa, don kawai ta iso ranar Litinin maimakon Juma'a. Kuma su waye suka kori sakatariyar da za ta buɗe fayil ɗin daidai? Su waye suka cusa wurare arba'in cikin kwana biyu? Wallahi da a ce kuskuren ta wajen kashe kuɗi ya karkata, da an sami mai buɗe durowar nan ko ranar Lahadi ce. Amma kuskure ne mai rage musu aiki, sai ya zama doka.

A watan Oktoba rahoton ya fito, kowa yana iya karantawa. Hajo ta ce ya bari kamfani ya rubuta wa mazauna wurin, ai aikinsu ne. Ya ce a'a, wannan kam da ƙafarsa zai je.

Ya tarar da Tomas a ƙofar gidansa yana gyaran shinge. Iska tana kaɗawa, ana jin ruwa yana dukan yashi a bayan tudun. Tsohon bai yi masa faɗan da ya saba ba. Ya ajiye guduma, ya zaro takarda daga aljihun rigarsa. Jikarsa ce ta buga masa shafin. Ya nuna jerin waɗanda suka halarta, ga sunan Jumare na takwas. Ya sauke yatsa zuwa layin da ke cewa babu wanda ya yi ja.

"Kana cikin ɗakin?" ya tambaya da Turanci.

"Ina ciki."

"Da littafin naka?"

"Da shi."

"Hana ka magana suka yi?"

Duk tsawon hanya Jumare yana shirya bayani: sakatariyar da aka kora, tsohon fayil, ƙarfe biyar na Juma'a, wasiƙun da suka rubuta. Duk gaskiya ne. Ya buɗe baki sai ya ji ba ɗaya da ya amsa tambayar.

"A'a," ya ce. "Sun tambaye ni. Ni ne na yi shiru."

Tomas ya dube shi. Bai tambayi dalili ba. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya juya ya dubi tudun.

"Idan ba a sake taɓa shi ba, hunturu nawa?"

"Huɗu. In an yi guguwa irin ta wancan karon, uku."

"Bitar gaba kuma shekara shida."

"Shida."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ta taga ana hango matarsa a kicin, ta ga motar Jumare, ta riga ta ɗora buta a wuta, tana ɗaga musu hannu tana murmushi.

"A gidan nan aka haife ta," in ji Tomas. "Kwana biyar takardar nan tana aljihuna, na kasa nuna mata." Ya buɗe ƙaramar ƙofar shingen, ya matsa gefe. "Kai ka san lambobin. Shiga ka faɗa mata."

Jumare ya goge ƙafa a bakin ƙofa, ya shiga.